Fitilar cek ta kama, sikana ta nuna sensar totur: yadda ake gano mai laifi kafin a sayi sabuwa

Sikana, wato na'urar da ake jonawa a mota don karanta lambobin laifin da kwamfutarta ta adana, ba ta cewa sensa ta mutu. Abin da take faɗa shi ne kwamfutar mota ta ga wutar da ba ta gamsu da ita ba a layin sensar totur. Layin nan kuwa ya haɗa da sensar kanta, da soket ɗinta, da wayoyin da suka taso daga gare ta, da kwamfutar da suka ƙare a cikinta. Kowanne daga cikinsu zai iya kunna fitilar, kuma lambar da za ta fito iri ɗaya ce. Shi ya sa ake yawan canza sensa, a yi kwana biyu fitila ta dawo: an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da sensar ke yi

Iskar da injin fetur ke shaƙa tana bi ta gidan totur, wanda shi ne maƙogwaron injin. A cikinsa akwai wani faifai da ke juyawa a kan sandar ƙarfe. Idan ka taka totur faifan ya buɗe, idan ka ɗaga ƙafa ya rufe. Sensar totur, wadda littattafan gyara ke taƙaita sunanta da TPS, tana maƙale a ƙarshen wannan sanda, aikinta ta riƙa gaya wa kwamfuta iya buɗewar faifan da kuma saurin buɗewarsa.

A motar da totur ɗinta ke aiki da kebul, galibi wayoyi uku ne a jikin sensar. Ɗaya tana kawo wuta 5V daga kwamfuta. Ɗaya ta ƙasa ce, mai mayar da wutar. Ta uku ita ce wayar saƙo. A cikin sensar akwai wani siririn ƙarfe da ke goge wata hanya mai rufin gawayi. Yadda faifai ya juya haka ƙarfen ke matsawa, wutar da ke kan wayar saƙo tana ƙaruwa. Idan faifai yana rufe, yawancin motoci suna ba da tsakanin 0.4V da 1V. Idan an buɗe shi gaba ɗaya, tsakanin 4V da 4.8V. Lura da cewa lafiyayyar sensa ba ta sauka sifili, ba ta kuma kai 5V cif. Da gangan aka bar wannan tazara, domin duk lokacin da kwamfuta ta ga sifili ko 5V ta san ba totur ba ne, waya ce ta tsinke ko ta haɗu da wata.

Da wannan saƙo kwamfuta ke ƙara mai a lokacin da aka taka totur farat ɗaya, da shi take yanke mai idan an sake shi a gangara, da shi take gane cewa mota tana silo, kuma a mota mai giyar otomatik da shi ake yanke lokacin canza giya. Don haka alamomin laifin suke warwatse: mota ta yi jinkiri ko ta fizga da an taka, silo ya hau ko ya riƙa hawa da sauka, inji ya mutu idan an tsaya, giya ta shiga da bugu ko ta makara. Akwai ma wadda ke rikita mutane ƙwarai. Motoci da yawa suna yanke mai idan an murza makulli alhali an danne totur har ƙasa, don a samu hanyar busar da injin da mai ya cika. To idan wayar saƙo ta maƙale a sama, kwamfuta za ta ɗauka direba ne ya danne totur, ta hana mai, mota ta yi ta juyawa ba ta tashi ba.

Abu ɗaya kafin a ci gaba: idan fitilar ƙiftawa take yi, ba tsayawa ta yi a kunne ba, wannan gargaɗin silinda ce da ba ta ƙona mai, kuma yana iya ƙona matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Wannan wani bincike ne daban, kuma ya fi gaggawa.

Karanta lambar, kada ka goge ta

Soket ɗin sikana mai rami 16 ne, yana ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi. Tsarin OBD-II, wato tsarin bai-ɗaya na wannan soket da lambobin laifi, ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma motocin fetur tun 2001, don haka lambobin nan ma'anarsu ɗaya ce a kusan kowace mota:

- P0120: matsala a layin sensar, ba tare da fayyace iri ba
- P0121: saƙon yana cikin iyaka amma bai dace da halin da inji ke ciki ba
- P0122: wutar saƙo ta yi ƙasa da kima
- P0123: wutar saƙo ta yi sama da kima
- P0124: saƙon yana ɗaukewa yana dawowa
- P0220 zuwa P0224: irin waɗannan, amma a sensa ta biyu, a motar da ke da sensoshi biyu
- P2135: sensa ta farko da ta biyu sun saɓa wa juna

Rubuta duk lambobin da ka gani, har waɗanda kake ganin ba su da alaƙa. Sannan ka buɗe bayanan da kwamfuta ta adana a daidai lokacin da laifin ya faru: juyin inji nawa ne, gudu nawa, zafin ruwa nawa, totur yana kashi nawa. Laifin da ya faru inji yana da zafi mota na gudu a hanya mai gargada ba ɗaya yake da wanda ya faru da an murza makulli da safe ba. Na farko yana nuni ga soket ko waya mai motsi, na biyu ga layin da ya tsinke ɗungurungum ko batir mai rauni. Da zarar ka goge lambar, wannan bayanin ya tafi tare da ita.

Idan tare da lambar totur akwai na wasu sensoshi, misali ta matsin iska ko ta gas ɗin na'urar sanyaya mota, ko kuma P0641 ko P0651, lambobin layin 5V, to tsaya. Sensoshi da yawa suna shan 5V daga tushe guda. Ɗaya daga cikinsu in ta lalace ta ja wutar ƙasa, sai duk sauran su yi ta kuka, sensar totur kuwa lafiyarta ƙalau. Hanyar gano mai laifin ita ce a sa mita mai auna wuta a kan wayar 5V, a riƙa cire soket ɗin sensoshin ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire wuta ta koma 5V, ita ce.

Duba da ido

Kashe mota. Auna batir: lafiyayyen da ya huta yana ba da kusan 12.6V, kuma idan ya yi ƙasa da 12.2V a fara caja shi. Cire soket ɗin sensar ka haska cikinsa. Kana neman koren tsatsa, danshi, mai, haƙorin da ya lanƙwashe ko ya koma baya, da makamar da ta karye har soket ke zama sako-sako. Bi wayoyin da hannu iya inda za ka iya, musamman inda suka goga jikin ƙarfe ko suka kusanci wurin zafi. Waya takan tsinke daga ciki a ɗan taƙi kaɗan daga soket, robarta kuwa tana nan lafiya. In ka ja ta a hankali za ka ji tana miƙewa kamar danƙo. Motar da aka wanke injinta da ruwa mai ƙarfi kwanan nan, soket ne abin zargi na farko.

Gwaji da mita

Sa mita a ma'aunin wutar batir, zangon 20V. Kada ka yi amfani da fitilar gwaji mai ƙwai a waɗannan wayoyi, tana jan wutar da ta fi ƙarfin layin kwamfuta.

Soket yana cire, murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa amma kada ka tada inji. Ɗora baƙar wayar mita a kan ƙafar batir mai alamar ragi, ka taɓa ramukan soket da jar a hankali, ba tare da cusa ta ciki ta buɗa ramin ba. Rami ɗaya zai ba da tsakanin 4.8V da 5.2V, wannan ita ce wayar da ke kawo wuta. Don tabbatar da wayar ƙasa, mayar da jar wayar mita kan ƙafar batir mai alamar tarawa, ka taɓa raminta da baƙar: ya kamata ka ga cikakkiyar wutar batir. A wasu motocin za ka tarar da ramuka biyu suna nuna kusan 5V idan soket yana cire. Ba laifi ba ne, haka kwamfutar ke riƙe wayar saƙo a sama idan babu sensa. Wasu kuma a sifili suke riƙe ta.

Yanzu mayar da soket. Gwajin da ke biye sai sensa tana haɗe ake yinsa, saboda waya mai sauran zare ɗaya kacal za ta nuna maka 5V tsaf idan babu abin da ke jan wuta, sai an ɗora mata aiki take tona kanta. Zura siririyar allura ta bayan soket, gefen robar da ke kare wayar, har ta taɓa ƙarfen. Kada ka huda rigar wayar. Ramin da ka bari nan ruwa zai bi, bayan wata shida ka haifar da laifin da babu shi a da.

Fara da wayar ƙasa. Tsakaninta da ƙafar batir mai alamar ragi bai kamata ka ga fiye da 0.1V ba. Idan ya haura haka, hanyar komawar wuta ta toshe, kuma duk abin da ya taru a can yana hawa kan saƙon ne. Wayar ƙasa da ta tsinke gaba ɗaya tana tura saƙo zuwa kusan 5V, sai P0123 ta fito. Wayar 5V da ta tsinke, ko wayar saƙo da ta goge ta taɓa jikin mota, su ke kawo P0122.

Sai wayar saƙo, kuma a nan gizo ke saƙar. Duba adadin da take bayarwa faifai yana rufe. Sannan ka buɗe totur da hannu sannu a hankali, ka ɗauki kamar daƙiƙa 10 daga rufe zuwa buɗe, ka dawo da shi haka. Wutar ta riƙa hawa santsi ba tsalle, ba faɗuwa, ba tsayawa wuri ɗaya alhali hannunka na tafiya. Ka fi mai da hankali a kashi ɗaya bisa uku na farkon tafiyar. A nan ƙafar direba ke wuni, a nan hanyar gawayin ke cinyewa, kuma a nan ne lamba za ta tashi daga 1.2V ta faɗi sifili ta sake dawowa. Wannan faɗuwa ita ce fizgar da direba ke ji.

Matsalar ita ce mita mai lambobi sau biyu zuwa huɗu kawai take sabunta allonta a daƙiƙa, faɗuwar kuwa tana iya wucewa cikin ƙiftawar ido. Idan mitarka tana da maɓallin riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman adadi, kunna shi. Tsohuwar mita mai allura ta fi kama wannan laifi, don za ka ga allurar ta yi rawa. Sikana mai zana layi ma tana taimakawa idan ka zaɓi bayanin totur shi kaɗai, domin yawan bayanai yana rage mata sauri. Wanda duk ya fi shi ne osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo nan take.

Maimaita sau huɗu ko biyar. Riƙe totur a wuri ɗaya, ka ƙwanƙwasa bayan sensar da ƙotar sukudireba a hankali. Sannan ka girgiza soket, ka lanƙwasa wayoyin gaba da baya. Idan ƙwanƙwasa ce ta motsa lambar, sensa ce. Idan girgiza waya ce, bar sensa ta huta. In kuma ba ka ga komai ba inji yana sanyi, tada shi ya yi zafi sosai, ka kashe, ka sake gwadawa, saboda wasu ba sa nuna halinsu sai sun ji zafi.

Wani abu da ke sa a zargi lafiyayyar sensa: sikana ta nuna totur yana kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari alhali babu ƙafa a kai, sannan ta tsaya a 80 ko 90 idan an danne. Lissafi ne kawai. Wannan ma'auni yana raba wutar saƙo ne da 5V, don haka 0.5V shi ne kashi 10, 4.5V kuma kashi 90. Akwai wani ma'aunin daban da ke farawa daga sifili bayan kwamfuta ta cire adadin rufewa. Tabbatar wanne kake kallo.

Idan mita ta nuna saƙo mai kyau a bakin sensa amma sikana na nuna wani abu daban, laifin yana tsakanin soket da kwamfuta. Cire soket, ka ga abin da sikana ta nuna. Idan ta sauka sifili, haɗa ramin 5V da ramin saƙo da 'yar gajeriyar waya, ya kamata ta haura sama. Idan kuwa sama ta tafi da ka cire, haɗa ramin saƙo da na ƙasa, ya kamata ta sauko. Ta amsa, to waya da kwamfuta suna lafiya. Ba ta amsa ba, sai a cire batir, a zare soket ɗin kwamfuta, a sa mita a ma'aunin om, mai auna cikas ga wuta, a auna wayar daga wannan baki zuwa wancan. Lafiyayya ba ta kai om 1 ba. Kada wutar batir ta 12V ta kusanci waɗannan ramuka ko da wasa. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe a jerin zargi, ba kasafai take zama mai laifi ba.

P0121 tana da nata hali. Kwamfuta tana kwatanta abin da sensar totur ta faɗa da abin da sensar MAP mai auna matsin iska ko MAF mai auna yawanta suka faɗa. Idan maganarsu ta saɓa, wani lokaci totur take ɗora wa laifi alhali tiyon iska ne ya tsage, ko MAF ta yi datti, ko kunkunniya ta hana faifai rufewa. In gwajin wuta ya fita tsaf, can za ka koma.

Motar da ba ta da kebul

A yawancin motocin zamani fedar totur ba ta haɗe da faifai. Akwai sensa a jikin fedar, kwamfuta ce ke karanta ta, sannan ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya buɗe faifan. Soket ɗin gidan totur yakan zo da haƙora 6: biyu na injin lantarkin, ɗaya 5V, ɗaya ƙasa, biyu na saƙo. Sensoshi biyu aka sa don kowacce ta zama shaidar 'yar'uwarta. A wasu motocin ɗaya na hawa ɗaya na sauka, jimillarsu kullum kusan 5V: in ta farko ta ce 0.7V, ta biyu ta ce 4.3V. A wasu kuma tare suke hawa amma da tazara tsakaninsu. Da sun saɓa, kwamfuta ba ta tsayawa tantance mai gaskiya, sai ta rage ƙarfin inji ta bar mota tana lallaɓawa. Wannan ita ce P2135, kuma sau da yawa tushenta ɗan tsatsa ne ko sassauci a haƙoran soket, domin ƙaramin cikas a waya ɗaya ya isa ya raba kan lambobin biyu.

A nan sikana ta fi mita amfani. Fito da saƙonnin biyu tare, makulli a kunne inji a kashe, wani ya taka feda a hankali. Wasu motocin ba sa motsa faifai a haka sai an ba da umarni ta sikana. Kada ka sa yatsa cikin gidan totur makulli yana kunne, injin nan yana da ƙarfin da zai datse shi. Ka kuma bambance lambobin feda, irin su P2122, P2127 da P2138, da na gidan totur, kada ka kwance abin da ke gaba alhali laifin yana ƙarƙashin ƙafa. Sababbin motoci da dama sensarsu da maganaɗisu take aiki, babu abin da ke gogewa a ciki, wasu ma saƙon lambobi suke aikawa, wanda mita ba za ta iya fassara shi ba.

Wankewa da canzawa

Idan ka cire tiyon iska ka ga baƙar kunkunniya ta zagaye bakin faifai, wanke ta. Kashe mota, cire soket, fesa maganin wanke gidan totur a kan tsumma mai tsabta, ka goge gefen faifan da bangon da yake zama. Kada ka fesa kai tsaye wajen sandar, ruwan zai bi ta ya shiga cikin sensa. Wanki yana gyara silo da wasu lokutan P0121, amma ba ya gyara sensar da hanyarta ta cinye.

Sensar motar kebul sukuru biyu ne ke riƙe da ita. Kafin ka kwance, duba ramukansu. Idan dogaye ne, sensar mai saiti ce: yi alama a inda tsohuwar take, ka ɗaura sabuwar sako-sako, ka juya ta har wayar saƙo ta ba da adadin da littafin motar ya faɗa, sannan ka ɗaure, ka sake aunawa don ɗaurin kan gusar da ita. Tabbatar harshen sandar ya shiga gurbinsa kafin ka matse. Idan sai ka danna da ƙarfi, bai zauna ba. Jikinta roba ne, ɗauri kaɗan ya ishe ta. Sayi da lambar da ke jikin tsohuwar, don akwai masu kama ɗaya da ke juyawa ta fuskoki daban. A motar da ba ta da kebul kuwa, galibi sensar a haɗe take da gidan totur, gaba ɗaya ake canzawa tare da sabon gaskit. Wasu gidajen totur ruwan lagireto na bi ta jikinsu, sai inji ya huce ake cire tiyonsu.

Bayan wanki ko canji tsugune ba ta ƙare ba. Kwamfuta ta saba da tsohon wurin rufewa, dole ta koyi sabo, in ba haka ba silo zai hau, wani lokaci har P0507 ta fito. Wasu motocin suna koya da kansu idan aka bar makulli a kunne na ɗan lokaci ba a taɓa feda ba, sannan aka bar inji ya yi silo da zafinsa, fitilu da na'urar sanyaya mota a kashe. Motocin Volkswagen galibi ta sikana ake yi musu. Na Nissan da yawa suna da tsarin taka feda da ƙirga daƙiƙoƙi, wanda kuskuren daƙiƙa ɗaya ke sa a sake daga farko.

Sai yanzu za ka goge lambar. Fita da motar ka maimaita yanayin da ka rubuta tun farko, zafin nan, gudun nan, irin hanyar nan, sikana tana haɗe wani na kallon ta. Da ka dawo duba sashen lambobin da ke jiran tabbaci, domin wasu laifuka sai sun faru a tafiya biyu a jere kafin fitila ta kama. Idan ba ka da abin gogewa, fitilar za ta mutu da kanta bayan tafiya uku a jere da kwamfuta ta gwada layin ba ta ga laifi ba, lambar kuma ta ci gaba da zama a ajiye har inji ya yi zafi ya huce sau 40.